Yadda Labaran Ya Jeme Faifan Rana

A duk masana'antar jima ta Alhaji Baffa da ke Challawa babu wanda ya kai Labaran iya kartar fata, kuma babu abin da Labaran ya tsana irin a ce ya iya kartar fata. Gado ya yi: kakansa majemi, ubansa majemi. In ya ɗora kartaji a kan fatar akuya, wato wuƙar nan mai mariƙi biyu da ake kankare gashi da kitse da ita, sai ya fito da fatar sumul, ba ko ƙwarzane. Amma ka kuskura ka yabe shi da wannan, yanzu ka ga an haɗe rai. Shi Injiniya ne. Asalin sarautar kuwa, wata rana fankar ofishin Alhaji ta tsaya, Labaran ya shiga kai saƙo, ya kai mata mari, ta tashi. Tun daga ranar ya sayi testa ya maƙala a aljihun gaba, ya daina amsa gaisuwar duk wanda bai sa masa Injiniya a gaban suna ba.

A ƙarshen shekarun tamanin ɗaukewar wuta ta addabi masana'antu, janareta kuma ta zame wa Alhaji Baffa kamar wata matar da ba ta ƙoshi. Ana cikin haka wani kamfani ya turo masa wakiliyarsa, Injiniya Fanna, wata Babarbariya mai tabarau da ƙarancin magana, ta zo da samfurin faifan da ake cewa yana mayar da rana wutar lantarki. Aka fito da shi tsakar fili, ma'aikata suka yi caa. Gilashi ne mai faɗin faifan tankaɗe biyu, launinsa duhu-duhu kamar jiƙon bagaruwa, da wayoyi biyu a gefe.

Fanna ta ce, "Alhaji, wannan sabon samfuri ne. Gilashin ba ya yin komai, riƙo kawai yake. Wannan duhun da kuke gani, wani sinadari ne aka shimfiɗa a bayansa, bai kai kaurin gashin kai ba. Shi ne ke yin aikin duka."

Kowa ya ji wannan bayani ban da Labaran, don a daidai lokacin ya juya yana korar mutane. "Ku matsa, ku matsa! Wannan ba fatar tunkiya ba ce. Ku bar mu mu masu abin mu gana."

Fanna ta fito da na'urori biyu masu allura. Ɗaya ƙarama mai ido a ka, ita ke faɗin yawan ranar da ta sauka. Ɗaya kuma ana haɗa ta da wayoyin, ta faɗi yawan wutar da faifan ya haifar. Sai a raba wannan da wancan, a ga kashi nawa cikin ɗari na ranar ya zama wuta. Ta ce a masana'antarsu an auna an sami biyar, amma tana so a gwada a zafin Kano kullum da tsakar rana har zuwa Asabar, ita kuma tana da wasu faya-fayan da za ta kai Sharada da Bompai.

"Biyar?" in ji Labaran. "Biyar cikin ɗari? Malama, yaron da ya ci biyar cikin ɗari a makaranta ai bulala yake sha."

"A wannan fannin biyar ba laifi, Malam."

"Injiniya."

"To, Injiniya."

"A hannunku ne ba laifi. A bar mini shi, ran Asabar ki zo ki ga ɗari cif."

Alhaji Baffa ya ɗaga hannu. "Ni biyar ɗin ta ishe ni. In ta tabbata zan rufe kwanon nan da su, ko fitilu da famfon rijiya su huta da janareta. Kuma kamfanin ya ce zai ɗauki mutum ɗaya daga nan ya kai shi Japan ya koyo aikin. Wanda ya kula da awon, shi zai tafi."

Bai rufe baki ba Labaran ya rungume na'urorin biyu a ƙirji. Abin da ake nema a wurinsa bai taka kara ya karya ba: ya fito da faifai rana, ya dubi allura, ya mayar. Da ya bar abin nan yadda ya gan shi, da tuni ya hau jirgi.

Kafin la'asar duk unguwarsu ta Panshekara ta ji Labaran zai tafi Japan, bai ma ce in Allah ya yarda ba sai da liman ya tuna masa. Ya biya gwanjo ya sayo wata baƙar kwat mai gashi a wuya, ta sauko masa har gwiwa, don an ce masa can ƙanƙara ke zuba. A watan Afrilu ake, lokacin da ko kaza da baki buɗe take yawo, amma ya saka abarsa ya shiga gida yana ɗigar gumi.

Matarsa Rakiya ta ajiye muciya. "Baban Atika, lafiya? Zazzaɓi ne?"

"Atisaye nake yi. Jiki sai da sabo."

"Ai sanyi za ka tarar a can, ba zafi ba. Da randa ka shiga."

"Ke dai fara tunanin tsarabar da kike so."

"Ba sai ka je Japan ba. Tagar ɗakin nan da ka ce za ka sa wa gilashi tun ina amarya, har yau kwali ne a jiki."

"Ana maganar jirgin sama, kina maganar kwali."

Washegari da rana ta take tsaka ya fito da kaya, ya jingina faifan yana kallon sama. Da ya dubi 'yar na'urar nan mai ido a ka, sai tausayinta ya kama shi. Kaya mai tsada, ɗan ƙasar sanyi, a bar shi cikin wannan rana ya narke? Ya je bakin ƙofa ya fizgo lemar Gwadabe maigadi, wanda taubashinsa ne kuma bai taɓa raga masa ba tun suna yara, ya kafa wa na'urar inuwa mai kyau. Ya karanta allurai, ya ari kalkuletar akawu, ya danna, ya sake dannawa. Sai aka ji kabbara.

"Ɗari da ashirin! Jama'a, ɗari da ashirin cikin ɗari!"

Ma'aikata suka bar aiki suka taru. Labaran ya ɗauki alli ya rubuta lambar a bango da girman da na kan titi zai gani.

Gwadabe ya karkata kai. "Tsaya in gane. Rana ta ba shi mudu, shi kuma ya mayar da mudu har da gyara?"

"Ƙwarai."

"Ina ya samo gyaran?"

"A hannun wanda ya riƙe shi. Kai aikinka buɗe ƙofa, ka tsaya a nan."

Ana cikin shewa sai ga Fanna ta biyo daga Sharada don ta leƙa. Ta dubi bango, ta dubi lema. Ta sa yatsa biyu ta ɗage lemar. Allura ta yi tsalle sama. Ta karɓi kalkuleta ta danna, ta nuna masa: biyar.

"Ka ɓoye mata rana, ita kuma ta ce ranar kaɗan ce," in ji ta. "Dole lissafi ya kumbura. Don Allah kada a ƙara masa komai, kada a rage. A bar shi yadda yake."

Labaran ya gyara wuyan kwat. "Gwada ki nake, Malama. Kin ci."

Ba ta kai ga fita daga ƙofa ba Gwadabe ya raɗa masa suna Injiniya Biyar. Sunan ya bi shi wurin alwala, ya bi shi teburin mai shayi, har kwandastan bas ɗin Panshekara ya ce, "Injiniya Biyar, matsa ciki." Wannan suna shi ya hana Labaran sakat. Japan na hannunsa, amma ina amfanin sauka daga jirgi ana kiranka Biyar?

Ya zauna ya yi nazari irin nasa. Duk fatar da ta yi taurin kai, mai take so. Ya kawo man gyaɗa cikin kwalba, ya shafe fuskar faifan, ya murza da tafin hannu har yana ƙyalli, ya fito da shi. Ya manta a majema yake. Ƙudajen Challawa, waɗanda ko ranar Sallah ba sa hutu, suka ji ƙamshi suka sauka da iyalansu. Iska kuma ta kwaso gashin awaki daga filin shanya ta liƙa a kai. Kafin ya gama saita allura faifan ya yi gemu.

"Nawa?" in ji Gwadabe daga inuwar lemarsa.

"Ana kan aiki."

"Na ga akawu yana dariya. Nawa?"

"Uku," in ji akawu.

"Allah ya ƙara ɗaukaka, Injiniya Uku. In ka ƙara masa gishiri da yaji ai sai mu ci."

Labaran ya wanke faifan da sabulu yana ƙunƙuni. Ya gano matsalar yanzu: ranar ce ba ta isa ba. Washegari ya faki idon Rakiya ta tafi gidan suna, ya kwashe farantan silba na jerenta da babban madubin da uwarta ta saya mata, ya ɗaure a buhu ya kawo. Ya jera ma'aikata shida kewaye da faifan, kowa da faranti a hannu, shi kuma ya riƙe madubi yana ba da oda kamar mai horar da sojoji.

"Kai, ɗaga! Kai, karkato! Duk ku zuba masa!"

Allurar wuta ta hau, Labaran ya fara taka rawa. Sai akawu ya nuna masa ita ma allurar rana ta hau, don ita ma hasken ya same ta, ga faifan ya yi zafin da ba a iya taɓawa. Aka raba: huɗu da 'yan kai. Labaran ya juya zai yi musu, madubin ya juya tare da shi, hasken ya tafi kai tsaye cikin idon direban da ke baya-baya da motar ɗanyun fatu. Direba ya yi salati, ya taka abin da bai yi niyya ba. Ƙafar baya ta faɗa ramin jiƙon fata, ruwan da ya kwana biyu yana tsima ya tashi sama ya sauko a kan injiniya da rundunarsa da farantai. Wanda bai san warin wannan ruwa ba, Allah kada ya sanar da shi.

Alhaji Baffa ya leƙo ta taga da hankici a hanci. "Labaran! Me aka ce ka yi?"

"A auna, ranka ya daɗe."

"To motar tawa kake aunawa?"

"Ɗan tangarɗa ne irin na bincike. Ku dai ku gayyato mutane ran Asabar."

A gida kuwa Rakiya ta shinshina faranti ɗaya ta ajiye shi a hankali. "Farantan da ko surukata ban taɓa zuba wa abinci a ciki ba."

"Sun shiga tarihi, Rakiya."

"Sun shiga rami dai. Kai da kwat ɗin nan yau a zaure za ku sha iska."

Ran Asabar da sassafe ya shiga sito shi kaɗai, zuciyarsa a dagule. Yau Fanna za ta zo, ga Alhaji ya gayyato abokansa masu masana'antu, shi kuma da bakinsa ya gayyato rabin unguwa. Ya ɗaga faifan ya kara a fuska ya dubi ƙofa. Bai ga komai ba, duhu kawai. Murna ta kama shi. Abin da ido bai ratsa ba, ta ina rana za ta ratsa? Ya kifa shi, ya sa farce a kusurwar baya ya ɗan karta. Wani abu ja-ja ya biyo farcen, a ƙarƙashinsa kuma ga gilashi garau.

"Ashe!" ya ce da ƙarfi. "Ashe ba su gama aikin ba! Ɗanyen kaya suka aiko mana, ko karta ba su yi ba."

A karo na farko tun da ya sayo ta, ya cire kwat ya rataye. Ya ɗauko kartajinsa, ya wasa, ya gwada kaifin a gashin hannu. Ya kwance firam, ya kwantar da gilashin a kan buhu, ya yi bisimilla. A nan kam dole a faɗi gaskiya: aiki ya yi kyau. Hannu na tafiya a hankali daga sama zuwa ƙasa, layi na bin layi, duhun na tashi kamar garin lalle. Har waƙar majema ta kakansa ya kama yi ƙasa-ƙasa bai sani ba. Rabonsa da jin daɗi irin wannan tun kafin fanka ta ɓata masa rayuwa. Ya share garin tas ya zuba a gwangwanin madara don shaida, ya mayar da firam da wayoyi, ya lulluɓe faifan da sabon zane.

Da rana ta take, fili ya cika. An jera kujeru, Alhaji Baffa a tsakiya, abokansa daga Sharada da Bompai a gefe da manyan riguna. Mutanen Panshekara sun yi layi a jikin bango, har da liman. Fanna ta iso ta tsaya da jakarta. Labaran ya fito cikin kwat, testa a aljihu, ya yi gyaran murya.

"Ranku ya daɗe, masu kamfani sun ce biyar. Ba na zarginsu, iya abin da Allah ya ba su ke nan. Amma yau za su san akwai mutane a Challawa."

Ya fizge zane. Gilashi ya bayyana fari tas, kana hango tsakuwar da ke ƙarƙashinsa. Ya ɗaga shi ya kara a fuska.

"Alhaji, kuna ganina?"

"Ina ganinka."

"To haka rana take ganin wayoyin nan yanzu. A haɗa!"

Akawu ya haɗa. Allurar rana ta miƙe. Allurar wuta ta yi kwanciyarta.

"Ba ka haɗa daidai ba. Kauce."

Ya haɗa da kansa, ya juya wayoyin, ya sake juyawa. Shiru. Ya dubi na'urar, ya tuna fanka, ya kai mata mari. Allura ta ɗan girgiza ta koma ta kwanta. Ya ƙara mata wani.

"A hankali, Injiniya," in ji Gwadabe, "marainiya ce."

"Ranar yau ce ba ta da ƙarfi."

Liman, wanda rawaninsa ya jiƙe sharkaf, ya ce, "Ka ji tsoron Allah, Labaran."

Fanna ta matso a hankali, ta cire tabarau, ta goge, ta mayar. "Malam Labaran, ina faifan da na bari?"

"Ga shi a gabanki."

"Wannan gilashi ne."

"Yanzu ya zama gilashi. Da can ai datti ne ya rufe shi." Ya zaro gwangwanin madara daga aljihun kwat ya miƙa mata da hannu biyu. "Ga abin da mutanenku suka bari a jiki. Ki kai musu, ki ce in ji Injiniya Labaran, a riƙa gama aiki kafin a sa a kwali."

Fanna ta leƙa cikin gwangwanin. Ta daɗe tana leƙe. Sannan ta juya ga Alhaji ta ɗaga shi sama. "Alhaji, ga faifanku."

"A gwangwani?"

"Wannan garin shi ne faifan. Shi na ce muku yana yin aikin duka. Wancan kuwa taga ce."

Sai ɗaya daga cikin Alhazan Bompai ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi, fili kuwa ya ɗauka. Gwadabe ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. "Akawu, raba mana! Babu cikin ɗari nawa ke nan?"

Fanna ba ta yi dariya ba. Tana shafa gilashin da yatsa, tana karkata shi ga haske. "Da me ka cire shi?"

"Da kartaji," in ji Labaran, murya ta yi ƙasa.

"Da wuƙa? Abin da bai kai kaurin gashi ba, ka ɗauke shi tas, ba ƙwarzane ko ɗaya. Wallahi ban taɓa ganin hannu irin wannan ba."

Labaran ya ɗago, ƙirji ya fara dawowa. "Kun dai ji da kunnenku!"

"Gaskiya kai majemi ne na ƙarshe," in ji ta.

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. A gaban Alhazai, a gaban liman, a gaban Gwadabe, aka yabe shi da sunan da ya yi shekaru yana gudu.

Alhaji Baffa ya miƙe ya kakkaɓe riga. Ya ba Fanna haƙuri, ya ce asarar a wuyansa take, in an kawo wani faifan kuma akawu zai auna, shi zai tafi Japan. Sannan ya miƙa wa Labaran hannu. "Ba ni testar nan."

"Ranka ya daɗe..."

"Ba ni. Jibi in gan ka a kan kartajinka. Ɗauki tagarka ka tafi."

Haka ya hau bas da gilashi a hammata, mutanen unguwa na ta yi masa hanya suna cewa a yi hankali da kayan Japan. Da ya isa gida sai ya wuce ɗaki kai tsaye. Ya ɓalle kwalin tagar ɗaki, ya gwada gilashin, sai ga shi ya zauna daram kamar don ita aka yanka. Rakiya ta tsaya riƙe da ƙugu tana kallo.

"Ikon Allah. Yau ni ce da gilashi."

"Na ce miki zan sa. Ke ce ba ki da haƙuri."

Tagar kuwa yamma take kallo. Rana na karkatawa ta zubo cikin ɗakin gaba ɗayanta, ta kwanta a kan gado, ta hau bango, ɗaki ya koma kamar gidan burodi. Labaran na zaune a tsakiyar hasken yana gumi, sai fuskarsa ta washe.

"Kin gani? Ɗari bisa ɗari take shigowa. A gaya wa Malama Fanna."

Rakiya ta juya. Ta ɗauko kwat ɗin Japan daga inda ya yar da ita, ta kafa ƙusa biyu a saman tagar, ta rataye ta, gashin wuyan yana leƙen titi. Ɗaki ya yi duhu, ya fara sanyi.

Labaran ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ya sa hannu a ƙeya, ya dubi kwat ɗin sama da ƙasa.

"Dama don haka na zaɓo mai kauri," in ji shi.